Katin Inna da Takabarta

Ranar da katin Inna ya iso, ni na fi ta murna. Na ciro ambulan daga akwatin wasiƙu na hau bene da gudu, ko takalmin aiki ban cire ba, na miƙa mata. Tana zaune a kan darduma tana tsince wake a faranti. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta daɗe tana kallon hotonta.

"Shi ke nan abin?" ta ce. "Wannan ɗan abin ne kika shekara biyu kina hana ni sakat a kansa?"

Na ce shi ne. Na ce akwai masu sayar da gonakin gado saboda shi, akwai waɗanda suka yi shekara goma ba su ga iyalinsu ba suna jiransa. Ta ce Allah ya ba su, sannan ta tambaye ni abin da ya sa aka ɗauke ta hoto kamar wadda aka kama da kayan sata. Ta tura shi cikin jakar da take ajiye carbi da man zafi, ta koma kan wakenta.

Girin kad muke ce masa a nan. Shi ke ba mutum izinin zama Amurka iyakar ransa, in dai zai zauna ɗin. Sharaɗinsa ke nan, kuma na yi ta nanata wa Inna har ta gaji da ni. In mai kati ya bar ƙasar ya wuce wata shida, ranar da ya dawo ana iya tsare shi a filin jirgi a yi masa tambayoyi, jami'in da ya faɗa hannunsa yana iya cewa ai wannan ya saki zamansa. In kuwa ya cika shekara, kusan a ce kati ya mutu. Sabon mai kati, wanda bai daɗe ba, shi aka fi sa wa ido.

Ni na zo Greensboro ne a bayan maigidana, wanda ya zo karatu ya zarce da koyarwa. Aikin jinya nake yi, ina bin tsofaffi gida-gida ina duba su. Da na zama 'yar ƙasa, abin da na fara nema shi ne in kawo iyayena, su biyun. Baba ya ƙi. Tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya a Malumfashi, kuma duk yamma yana da kujerarsa a ƙofar gida inda rabin unguwa ke biyowa su gaishe shi. Ya ce in ya zo nan wa zai gaishe shi? Ya ce ya ji labari, in mutum ya mutu a ƙasar nan firji ake sa shi a tsaya jiran takarda. Na yi fushi, na ce wa yake maganar mutuwa, ni likita nake so ya gani a kan hawan jininsa. Dariya kawai ya yi, irin dariyarsa da ke ƙara tunzura mutum.

"Ki ɗauki uwarki, Auta, ta je ta ga jikarta," ya ce. "Amma ki sani aro na ba ki, ba kyauta ba."

Inna ta iso da kaka, ganye yana zuba. Lokacin sanyin farko ya yi mata wuya. Gidanmu a bene yake, babu tsakar gida, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Takan wuni a bakin taga da suwaita biyu tana kallon kurege suna hawa da sauka a bishiya, tana mamakin yadda suka yi ƙiba haka babu yaron da ya taɓa jifansu. 'Yata, wadda aka sa wa sunan Inna, shekararta bakwai a lokacin. Inna ta yi mata magana da Hausa, ita ta amsa da Turanci, kowa ya tsaya a kan nasa. Kafin sanyi ya wuce takwarar ta iya gaisuwa a durƙushe, ta kuma iya zagin da ban san inda ta ji shi ba, ko da yake ina da wadda nake zargi.

Kullum da safe, in ta idar da salla ta gama lazimi, sai ta kira Baba. A can rana ta riga ta yi. Shekara arba'in da wani abu suna tare, amma hirar ba ta wuce abu uku ko huɗu.

"Malam, an tashi lafiya? An ci abinci?"

"An ci."

"Me aka kawo?"

Matar Yayana ce ke aika masa da kwano. Yakan ce tuwo ne, ko shinkafa, sannan ya ƙara da cewa gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan, don dai ta san ba a maye gurbinta ba. Ita kuma ta tambayi awakinta. Daga nan su yi shiru, kowa riƙe da waya, ina jin kukan zakaran gidanmu daga kicin ɗina.

Da ta yi wata uku ta ce za ta koma. Na ce a'a. Na ce kati sabo ne, in ta juya yanzu za a ce da ma yawon buɗe ido ta zo, ta daure ta zauna ya kafu. Kowa a nan haka zai gaya mata, kuma haka suka gaya mata, domin na kai ta wurinsu ɗaya bayan ɗaya. Baba ma da na kai ƙara wurinsa ya ce ta bi abin da masu ƙasa suka ce. Ta zauna. Sai da ta yi wata takwas.

Abin da ya sauƙaƙa mata ƙarshen zaman shi ne gona. Akwai wani Alhaji mutumin Maraɗi da ke da fili a Summerfield, can arewa da gari, yakan yanka wa matan Hausawa kunyoyi su shuka abin miya. Ashe Inna ta shigo ƙasar nan da irin yakuwa ƙulle a bakin mayafi, ba ta gaya min ba sai da ƙasa ta yi ɗumi. Na ce Inna, da an kama ki fa? Ta ce ai ba a kama ta ba. Maƙwabcin Alhaji Bature ne mai dawakai. Inna ta tsaya a bakin shinge, ba Turanci ko kalma ɗaya, ta yi ta nuni da hannu har mutumin ya gane kashin doki take so, ya turo mata baro guda yana dariya. Ranar ce na fara ganin ta tana tafiya a ƙasar nan kamar ta san inda za ta.

A watan Mayu na saya mata tikitin zuwa da dawowa, wata uku. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, wadda duk muke kira Anti, Kirista ce 'yar Jos, ta fi shekara ashirin a garin nan, kuma babu abin da ba ta gani ba. Ita ta ce akwai wata takarda da ake nema kafin a fita, mai ba mutum damar daɗewa a waje ba tare da kati ya lalace ba, amma sai an jira an kira mutum ya je ya dangwala yatsa. Da na fassara wa Inna, ta ce ko mako ɗaya ba za ta ƙara ba. Ni ma ban matsa ba, tunda wata uku ne kawai. A filin jirgi ta ce in kula mata da yakuwarta, kada in bar ciyawa ta cinye ta, ta san halina.

Saura mako biyu ta dawo Baba ya rasu.

Ina unguwar Irving Park da safe, a wani ƙaton gida, ina wanke wa wata tsohuwa gyambo a ƙafa. Waya ta yi ta motsi a aljihuna. Na gama, na naɗe bandeji, na wanke hannu, sannan na fita waje na duba. Yaya ne. Ya ce Baba ya karya kumallo, ya fita ƙofar gida, ya zauna a kujerarsa, sai aka ga ya sulale. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ya ce ana yi masa wanka yanzu, bayan la'asar za a kai shi. Na tsaya a bakin titi ƙarƙashin manyan itatuwan nan ina salati. Babu kowa a unguwar, sai wani mutum can nesa yana tura injin yankan ciyawa. A gida da tuni mata sun kama ni sun zaunar. A nan na buɗe mota na shiga na rufe, na yi kukana, na kira ofis na ce a nemo wadda za ta ƙarasa min sauran gidajen.

Ba a sa shi a firji ba, ba a jira takarda ba. Kafin in isa gida an gama komai.

Mun yi zaman makoki a falonmu. Ɗalibai suka zo, mutanen Nijar suka zo, 'yan Gana suka zo, takalma suka cika matattakala har maƙwabta suka fara leƙe. Anti ta jawo matan cocinsu da manyan kuloli na abinci, suka zauna tare da mu a ƙasa. Na yi magana da Inna sau biyu a kwanakin, muryarta a tsaye, ita ce ma ke ba ni haƙuri. A rana ta uku ina kicin ina wanke kofuna Anti ta shigo ta ja ƙofa.

"'Yar'uwa, ki yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne," ta ce. "Mama a Mayu ta tafi ko? Wannan zaman da matanku ke yi in miji ya rasu, wata nawa ne?"

Na ce wata huɗu da kwana goma. Ina faɗa na gane inda ta dosa.

"To ki yi lissafi. Za ta wuce sikis mons, wata shidan nan. Kuma girin kad ɗin nan ko shekara bai cika ba. Ki je ki ga lauya tun yanzu."

Wallahi na ji haushinta a lokacin, kamar ita ta ƙirƙiro dokar. Ubana kwana uku a ƙasa, ana yi min maganar imigireshan, hukumar shige da fice. Amma gaskiya ta faɗa, kuma babu wanda ya yi tunanin sai ita. Takaba ba abin wasa ba ce a wurinmu. Mace ba ta ado, ba kwalli, ba lalle, ba turare, kuma ba ta kwana ko'ina sai gidan da mijinta ya bar ta. Inna ta riga ta shiga. Kafin ta fita Disamba ta kama, wata shida sun wuce da kusan wata guda.

Ni kuwa na san abin da ke jiran ta in kati ya mutu. Tana da ciwon suga, a nan aka daidaita mata shi bayan shekarun da ta yi tana shan magani barkatai. Gidan Malumfashi yanzu ita kaɗai ce a ciki. In aka ƙwace katin, sabon nema shekaru ne, kuma shekarun ba su ne Inna ke da su da yawa ba. Na rasa uba ban gan shi ba. Ban shirya in ƙarasa da uwa a waya ba.

Ofishin lauyan yana cikin gari, kusa da kotuna, a saman wani shagon shan kofi a Elm Street. Mutum ne mai kirki, ya yi min ta'aziyya yadda suke yi, a taƙaice. Ya ce maganar ba ta da wuya, a dawo da ita kafin wata shida, shi ke nan babu mai tambayar ta komai. Na yi masa bayanin takaba. Ya saurara da kyau, sannan ya ce, to ba za ta iya yin makokin a nan ba? Akwai ɗaki a gidana ai. Na ce abin ba haka yake ba. Ya ce in ta wuce, ba wai an rufe ƙofa ba ne, akasari mai hujja yakan shiga, amma ba zai yi min alkawari ba. Sabuwa ce, ba ta aiki a nan, gidanta da danginta duk suna can. Ya danganta da wanda ta tarar a teburin ranar.

Daga nan na tafi wurin limaminmu. Ya buɗe littattafai, ya ce malamai sun yi sauƙi in akwai lalura, mace tana iya tashi daga gidan ta ƙarasa takabarta a wani wuri in ta ji tsoron cutuwa. Ya ce a ganinsa wannan lalura ce. Na sa ya maimaita, na ɗauki muryarsa a waya. Na kira Yaya na shawo kansa. Na duba kuɗin jirgi na farkon Nuwamba. Da na ga na haɗa komai, lauya da malami da babban ɗa, sai na zaɓi wata Asabar da hantsi na zauna a bakin gado na kira Inna.

Na yi magana mai tsawo. Na iya magana in na so, Baba ma yakan ce da lauya na zama. Na kawo mata suga, na kawo takwararta da ke tambayar ta kullum, na kunna mata muryar liman. Na ce ba fasa takaba za ta yi ba, za ta ƙarasa a ɗakinta na nan, ba mai sa ta fita, ba mai sa ta ado. Ta bar ni har na kai ƙarshe.

"Kin gama?" ta ce.

"Na gama, Inna."

"Malamin nan ya yi gaskiya, Allah ya ƙara masa ilimi. Amma ba zan taso ba."

Nan fa na hau. Na ce wato duk wahalar da na sha a banza? Na ce Baba ya riga ya tafi, zaman ɗaki ba zai dawo da shi ba, mu da muke raye fa? Na ce in aka hana ta shiga kada ta ce ban faɗa ba. Muryata ta tashi har maigidana ya leƙo ya koma. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya haka ba, kuma ba ta tsawata min ba. Da na gama, sai ta yi magana a hankali.

"Auta, saurara. Wata takwas na bar mutumin nan yana cin abincin kwano saboda katin nan naki. Da na dawo na tarar duk rigunansa sun yi masa yawa. Bai taɓa faɗa a waya ba. Na ce to bari in yi masa girki ya murmure, ko wata uku ban samu ba. Da ransa na bar shi don kati. Yanzu abu ɗaya ya rage da zan yi masa a duniya, shi ne in zauna a ɗakin nan. Shi ma kati zai karɓe?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"In sun bar ni na shiga, alhamdu lillahi. In sun hana, ki zo ki gan ni. Yaya yakuwata?"

Na ce tana nan, ta yi kyau. Ƙarya nake, na yi mako uku ban je ba. Ta ce in gaishe da takwararta, ta kashe waya. Na daɗe a zaune. Haushi nake ji har lokacin, ba zan ɓoye ba, amma ban san wa zan ji wa ba. Abin rigunan ne ya tsaya min a rai. Ni mai aikin jinya, da ke gane ramar tsohuwar da ban haɗa komai da ita ba tun daga bakin ƙofa, kullum ina jin muryar ubana a kicin yana cewa an ci, ban taɓa gane komai ba.

Ban sake tayar da maganar ba. Washegari na ɗauki 'yata muka tafi Summerfield. Ciyawa ta kusa rufe kunyoyin, amma yakuwar ta fi ƙarfinta, takin dokin nan ya yi aiki. Muka yi ta cira har hannuna ya yi kanta. Daga ranar duk Lahadi muna can. Na yi miya, na raba wa Anti, na shanya zoɓo a kan tebur har gidan ya ɗauki tsami. Da safe kuma, lokacin da Inna ta saba kiran Baba, sai na riƙa kiran ta. Nakan tambaye ta ko an ci abinci. Takan ce an ci, ni kuma in ce a ba Yaya waya in ji daga bakinsa.

Ranar da wata shida suka cika ina wurin aiki. Babu abin da ya faru, ba wanda ya kira, ba wasiƙar da ta zo. Na dai san daga ranar ba ni da sauran iko a kan lamarin. Na rage cin abinci, na zama mai saurin faɗa, takwarar Inna ta koyi lallaɓawa in ta ga na shigo. Ana cikin haka raɓa ta daskare wata safiya, Alhaji ya kira ya ce gonar kowa ta ƙone, sai baɗi.

Ta fita takaba a farkon Disamba. Aka yi sadaka, ta yi wanka ta sa sabuwar atamfa, Yaya ya turo min hoto. Ta rame ƙwarai. Na aika masa da duk abin da lauya ya ce a haɗa, takardar shaidar rasuwa, takardar likitanta na nan, da bayanin liman a kan takaba da Turanci. Na yi ta koya mata a waya abin da za ta ce in an tambaye ta da abin da ba za ta ce ba. Tana ta cewa to, to, irin to ɗin da na san ba ya shiga.

Ta Atlanta za ta shigo, a can ake duba mutane, sannan ta hau ƙaramin jirgi zuwa nan. Filin jirginmu ƙarami ne, kana tsaye kana ganin duk wanda ya fito. Mun je tun da rana, ni da maigidana da yarinya, Anti ma ta ce ba za a bar ta a gida ba. Jirgin ya sauka. Mutane suka fito, masu jaka a baya, sojoji biyu, wata mata da kare a hannu. Aka daina fitowa. Wayar Inna a kashe. Na je wurin ma'aikata, suka ce ba za su iya gaya min komai ba. Na koma na zauna. Anti ta kama hannuna tana addu'arta a hankali, ni ina tawa. Yarinya ta tambaya da Hausa, ba Turanci ba, "Ina Inna?" Na jawo ta jikina.

Sai a jirgi na gaba, rana ta kusa faɗuwa, muka hango wani ma'aikaci yana turo keken marasa lafiya, a ciki wata 'yar tsohuwa ƙudundune da mayafi, jakar carbi a cinya. Ban san na ruga ba sai da mai gadi ya ɗaga min hannu.

A mota ta ba mu labari. Sun shigar da ita wani ɗaki mai kujeru da yawa, suka karɓi fasfo da kati, ta daɗe tana jira. Wata jami'a ce ta kira ta, baƙar fata, fuska ba wasa. Aka nemo tafinta ta waya, Inna ta ce daga jin Hausarsa mutumin Gana ne. Aka tambaye ta abin da ya sa ta daɗe. Duk abin da na koya mata ta manta, ta ce mijinta ne ya rasu, ta zauna masa. Matar ta duba takardu, ta tambaya ko dole ne. Inna ta ce ba wanda ya ɗaure ta. Da na ji haka na dafe kai, maigidana ya kalle ni ta madubi. Sai matar ta ce to nan gaba fa, za ta sake yin doguwar tafiya irin wannan?

"Me kika ce, Inna?"

"Na ce mata a'a. Na ce wanda nake zuwa dominsa ya riga ya tafi."

Ta ce matar ta buga hatimi, ta miƙo mata katin, ta ce wani abu da tafinta ya fassara da Allah ya ji ƙansa, ko da yake Inna ba ta yarda haka matar ta ce ba. Kilishin da ta ɗauko wa maigidana kuwa sun ƙwace, kuma wannan ne kaɗai abin da ta yi ta mita a kansa har muka iso gida.

Gaskiya ta faɗa wa matar. Shekaru sun shuɗe yanzu, sau biyu ta je gida, kuma ba ta taɓa cika wata guda ba. A gidan Yaya take sauka. Ya ce takan sa a buɗe mata gidan Malumfashi ta leƙa, ta sa a share, ta fito kafin azahar. Ba na ƙirga watanni kuma, ba na zuwa wurin lauya. Sugarta ta daidaita, tana da kunyoyi biyar a Summerfield, Baturen nan yana ajiye mata taki tun kafin ta tambaya. Mutane suna cewa na yi sa'a, uwata tana gabana, kuma na yarda na yi.

Sai dai da safe, in ta idar da salla ta gama lazimi, takan jawo jakar nan ta ciro waya ta ɗora a cinya. Ba ta kiran kowa. Tana zaune a bakin taga har shayi ya huce, katin yana cikin jaka tare da man zafi, lafiyarsa ƙalau. Ina kicin ina jin shirun. Baba ya ce aro ya ba ni, ni kuma na so a bar min gaba ɗaya. An bar min, babu mai zuwa karɓa.